Injin shara wanne zan saya? Masu sani ku taimaka kafin hunturu ya kankama

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema akan injin sharan nan na zuƙe ƙura, bakyum. Muna Hanwa a Zariya, falonmu da ɗakuna biyu duk kafet ne malale bango zuwa bango, ga ƴata ta biyu tana da asma, da an fara shara da tsintsiya sai tari sai numfashi ya dinga fita da ƙyar. Yanzu ga iska ta fara juyawa kun san yadda garin nan yake daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ki share da safe kafin azahar kamar ba a taɓa ba. Abbansu ya amince a saya amma ya ce in bincika tukuna, kada a zuba kuɗi a abin da zai mutu kafin azumi. Na duba Jumia da Jiji kaina ya ɗaure, wani 2000W wani 1200W wani na caji wani kamar durom. Wanne ne mai ƙarko?

Ummu Sudais: Wslm. Ki sayi mai wat da yawa kawai, 2000 zuwa sama, shi ne mai ƙarfi. Haka mai shago ya faɗa min.

Injiniya Samaru: Hajiya Ummu Sudais mai shagon nan kasuwarsa yake ci. Wat ɗin da aka rubuta a jiki wutar da injin yake sha ce, ba ƙarfin zuƙarsa ba. Tarayyar Turai tun watan Satumban 2014 ta hana sayar da bakyum na gida da ya wuce 1600W, a Satumban 2017 aka sake saukar da shi zuwa 900W, kuma gidajensu ai ba su fasa tsafta ba, kamfanonin ne suka koma suka gyara fankar ciki da bakin da ke bin ƙasa. To mu nan wat mai yawa ma matsala ce, Maman Ilham kafin komai ki gaya mana wace wuta kuke da ita a gidan?

Maman Ilham: Wutar gari in an kawo, yawanci cikin dare ko da asuba. Sai ƙaramin janareta da sola na fitila da fanka da cajin waya, inbata 1kVA inaga.

Injiniya Samaru: Yawwa, nan maganar take. Inbata 1kVA abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 800 ba, in kika jona masa injin 1400 ko 2000 take zai yi ƙara ya kashe kansa. Ko da ma ya ɗauka, 1400W akan batir 12V ya haura amfiya 100 yake ja, batirin ba zai yafe miki ba. Janaretan kuma in irin ƙaramin nan ne da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, bai kai wat 1000 ba, kuma moto lokacin tashi yana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta. Sai dai in kuna da 2.5kVA zuwa sama, shi kam zai ja 1200 ko 1400 lafiya lau muddin ba a kunna dutsen guga ko hita a lokacin ba.

Hajiya Babba: Ni dai ƴata da za ki ji tawa, kuɗin nan ki ƙara a ɗebe kafet ɗin a sa tayil. Mu da muka tashi a cikin birni daɓe ne da tabarma, a yayyafa ruwa a share da tsintsiyar laushi a shanya tabarma a rana, ba mu san wannan tarin na yaran yanzu ba. Kafet rumbun ƙura ne, ranar da kika ɗaga shi za ki ga yashin da ke kwance a ƙasa sai kin riƙe baki.

Anti Nas: Mama Hajiya ta faɗi gaskiya rabi da rabi. A ɗakin da yarinyar take kwana kam ina goyon baya ɗari bisa ɗari, a cire kafet, ko leda ce a shimfiɗa a dinga gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Cikin kafet da katifa da filo akwai wasu ƙananan ƙwari da ido baya gani, su da kashinsu suna daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma, sun fi yawa da damina saboda laima, da hunturu kuma ƙurar kanta da sanyin ke tayarwa. Amma asma ta daɗe Mama, da can fuka ake ce mata, yara da yawa sun sha wahala ba a san me ke damunsu ba. Maman Ilham in za ki saya saboda ita to ki nemi mai filta HEPA, wato matacin da ke tare ƙura mai laushi sosai. Injin da ba shi da filtar kirki ƙurar zai zuƙa ta gaba ya feso mai laushin ta baya, wadda ita ce ma take shiga ƙirji. Kuma ko wanne kika saya, in ana shara ta fita tsakar gida, a buɗe taga, sai ƙura ta lafa ta dawo. Inhelarta kuma kada ta yi nisa da ita a watannin nan.

Maman Ilham: Ngd Mama, ngd Anti. Tayil ɗin muna so wlh amma gidan haya ne, mai gidan ba zai rage mana a kuɗin haya ba. Na ɗakin yaran dai zan yi wa Abbansu magana a naɗe shi.

Injiniya Samaru: Akan HEPA ɗin ƙarin bayani, na gaske ajin H13 yana tare kashi 99.95 na ƙananan ƙura, za ki ga an buga H13 a jikin filtar kanta ba a kwali kawai ba. Akwai masu rubuta HEPA da manyan baƙi a kwali ki buɗe ki tarar da soso ne siriri. Sannan ki duba robar da ta zagaye murfin, in iska na tsiyaya ta gefe to filtar ko ta zinare ce aikin banza. Ƙurar hunturunmu daga hamada take tasowa, yawancinta daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi inda tsohon tafki ya ƙafe, shi yasa take da laushi haka take toshe filta da wuri.

Oga Sani mai gyara: Salam. Ni aikina kenan, gyaran fanka da blanda da injin shara a Sabon Gari, bari in faɗa muku abinda nake gani da idona. Cikin injinan da ake kawo min mafi yawa ba kamfani bane matsalan, filta ne ya toshe. Moton bakyum iskan da yake zuƙa shine yake sanyaya shi, to in filta ya cika da ƙura iska baya wucewa, moto yayi ta zafi, mai kyau yana da wani ɗan abu da yake yanke wuta in zafi yayi yawa sai ya huce ya dawo, mara kyau kuwa sai dai kiji ƙauri kwayil ya ƙone. Mace zata ce min Oga yana ta kashe kansa na dinga kunnawa, to wannan kashe kan roƙonki yake ki duba filta. Ni in za'a bi shawarana a Zariya a sayi mai durom ɗinnan da yake shan ruwa da ƙura duka, irin na masu wankin mota amma ƙarami, lita 15 zuwa 20. Cikinsa ba wani wayo, moto ne a sama, bokiti a ƙasa, filta a tsakiya, tiyonsa mai faɗi baya saurin toshewa. In kabon burosh ya cinye muna canzawa, in moto ya mutu ana samun wanda zai zauna. Kärcher suna da WD 3 wat 1000 lita 17, Ingco da Total ma suna yin irinsa, masu saida kayan aiki suna kawowa.

Zee Kongo: Haba Oga Sani, durom a falon mace? Ga ƙara kamar injin markaɗe, ga nauyi ga cin wuri. Ni na caji nake amfani da shi mara waya, na rataye shi bayan ƙofa, yara sun zubar da biskit ko garin kwaki na ɗauko minti biyu na gama. Kuma solar da ta ce tana da ita zai caja shi ba tare da wani tashin hankali ba tunda cajarsa ba ta cin wuta. Wa zai tashi ƙarfe 2 na dare yana shara don an kawo wuta?

Oga Sani mai gyara: Hajiya Zee gidanki tayil ne ko kafet?

Zee Kongo: Tayil ne da senta kafet ɗaya.

Oga Sani mai gyara: To kingani. Naki ya dace dake. Ita ɗaki uku ne malale. Na caji in kika sa shi a ƙarfinsa na ƙarshe wanda shine zai ciro yashi a kafet, dayawansu basa wuce minti 10, a ƙaramin gudu ne suke kai 30 ko 40. Kofinsa kuma ɗan mitsitsi, kafin ta gama falo ta zubar ya kai sau nawa. Sannan batirin litiyom baya son zafi, ki tuna yadda Maris da Afrilu suke a garinnan, shekara biyu uku zakiga ya fara sauka da wuri, in ba'a samu batirinsa ba shikenan ya zama kwalliya. Akwai su a shagona masu kyau tsaf an rasa batir.

Zee Kongo: Wannan kuma sai mutum ya sayi wanda batirinsa ke cirewa ya tambayi kuɗin wani tun a shago. Ni dai har yanzu ina kan bakana, injin da yake da wahalar ɗaukowa ba a amfani da shi, sai ya zauna a sito shekara ana shara da tsintsiya. Na ga haka a gidaje da yawa.

Injiniya Samaru: Wannan magana ta Zee gaskiya ce kuma a riƙe ta.

Baban Khalifa T/Wada: Ni ina kwamitin masallacin layinmu, kafet ɗinmu sahu ne dogaye kuma kun san ƙafa nawa ke hawa kullum. Mai durom muke amfani da shi, yaran makarantar allo manya su ke ja ranar Alhamis da yamma. Abin da na lura, bakin da ake sa masa shi ne rabin aikin. Wanda ya zo da shi na roba ne zalla, yana ɗaukar ƙurar sama amma yashi na nan, sai da muka samo baki mai burosh da yake juyawa yana bugun kafet sannan muka ga bambanci, ranar farko abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Kuma a hankali ake ja, a tura a dawo a tura a dawo, masu gudu da shi kamar suna tsere ba abin da suke ɗauka.

Ummu Sudais: To ni yanzu nawa 2000 ɗin asara na yi kenan?

Injiniya Samaru: A'a Hajiya, in wutarki na ɗauka ki ci gaba da abinki. Ko kuɗin wutar ba wani abu ba ne, 2000W na rabin awa yunit 1 ne, ko ƴan Band A da aka mayar da su sama da naira 200 kowane yunit a Afrilun 2024 ba zai gagare su ba. Magana ce ta wanda bai saya ba tukuna kada lamba ta ruɗe shi.

Dr. Abba (Ingila): Salam mutanen gida, ina ta karantawa daga nan. Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, a nan akwai wani ja mai fuska da ake kira Henry na kamfanin Numatic, a Ingilar ake ƙera shi, wat 620 ne kacal amma shi za ka gani a ofisoshi da makarantu da masallatai, masu aikin shara sun yarda da shi saboda yana jure wahala. Jaka yake amfani da ita. Kuma ga mai asma ni jaka na fi so, in ta cika a rufe bakinta a jefar, ba kamar mara jaka ba da in ka zo juyewa ƙurar take tashi ta bugi fuskarka. In za a samu na hannu daga Ingila wutarmu ɗaya da su, 230V, fulogin ma iri ɗaya mai baki uku.

Oga Sani mai gyara: Dakta injin yanada kyau na taɓa buɗe shi, kuma 620 ko janaretanta zai iya gwadawa. Amma jakan fa? A Zariya wa yake saidawa? Sai an aika Kano ko Kaduna ko kasuwar Alaba a Legas, wani lokaci a samu wani lokaci babu. Abinda mutanenmu sukeyi in jaka ya cika sai su farke su zazzage su ɗinke, ko su cire gaba ɗaya suyi ta aiki haka, ƙura ya shige moto kai tsaye. In zata saya to ta haɗa da jaka kwali guda ko biyu tun farko, ko a samu na yadi da ake wankewa.

Dr. Abba (Ingila): Gaskiya ne wannan. Jakar ba ta da nauyi, duk mai ɗan uwa da zai dawo gida hutu zai iya saƙo kwali biyu a akwati.

Maman Ilham: Dama ina son tambaya akan na hannu, ƙanin Abbansu ya ce akwai tokumbo a Kasuwar Barci a Kaduna da araha sosai.

Oga Sani mai gyara: Ana dacewa ana kuma shan kashi. Abu na farko ki kifa shi ki karanta takardan da ke manne a ƙasa. In kikaga 120V 60Hz na Amurka ne ko Kanada, ki ajiye musu abinsu komin kyansa, ana jonawa a wutanmu zai yi wani irin gudu ya tashi hayaƙi. Zasu ce miki ai sai a sayi taransifoma mai rage wuta, to wanda zai ɗauki bakyum babba ne mai nauyi mai tsada, kuma rana ɗaya yaro ko ƴar aiki zasu manta su jona kai tsaye. Ki nemi 220 zuwa 240V. Na biyu a kunna a gabanki a barshi yayi minti biyar ba a kunna a kashe ba, ki sa tafin hannu a bakin tiyo kiji ya kama da ƙarfi, ki shinshina bayan injin, in akwai ƙauri ko kina hango tartsatsi dayawa ta ramukan iska to moton ya kusa. Ki lanƙwasa tiyon daga farko har ƙarshe ki nemi tsaga, wasu suna naɗe wa da baƙin salatif. Ki buɗe ki ga filta na nan kuwa, don dayawa babu suke zuwa.

Hajiya Babba: Allah ya yi maka albarka Sani, ka yi bayani tsakani da Allah. Ni abin da ke damuna kada wannan ma ya shiga cikin kayan ɗaki, yanzu an ce sai firiji sai injin wanki sai gas mai kai huɗu, gobe a ce amarya ba ta zo da injin shara ba a dinga yi mata gori. Iyaye suna wahala wallahi.

Zee Kongo: Mama ai ya riga ya shiga, jeren da na je a GRA kwanan nan har da mai yawo da kansa ɗin nan kamar faifai.

Injiniya Samaru: Shi robot ɗin gidan tayil yake so mai santsi wanda ba dokin ƙofa ba wayoyi a ƙasa ba tabarma. A gidan yara da takalma ke shigo da yashi daga tsakar gida cikinsa zai cika kafin ya gama falo. Maman Ilham ki cire shi a lissafi.

Anti Nas: Oga Sani tambayata akan durom ɗin da kake yabo, filtarsa ta kai ta mai asma? Don ni yarinyar nake ji.

Oga Sani mai gyara: Anti gaskiya yadda yake zuwa daga kwali dayawansu bai kai ba. Wasu soso ne kawai na aikin ruwa da wani yadi. Wanda yake da filta mai ninki-ninki kamar na iskan mota ya fi, in aka ƙara masa jaka a ciki sai ya zama mataki biyu, iskan da ke fitowa ya fi tsafta kuma filtan ya daɗe. Amma in likita ya ce lallai HEPA to ta nemi ƙaramin mai taya ɗinnan da ake ja, Philips da Panasonic da LG da Bosch duk suna yi, wat 900 zuwa 1400, a duba wanda filtansa na baya H13 ne na gaba kuma ana wankewa.

Anti Nas: To ni nan na tsaya. Ƙarko yana da kyau amma dalilin sayen numfashin yarinya ne.

Baban Khalifa T/Wada: Wani abu da ba a faɗa ba kuma ya shafi mata musamman, turaren wuta. Kada a kuskura a zuƙi toka ko garwashin da ya faɗo daga kasko, ko kin ga kamar ya mutu, iskar ciki za ta hura shi ga ƙura da gashi da zare a tare, gobara ce. Haka fil ɗin hijabi da allura a tsince su da hannu tukuna.

Oga Sani mai gyara: Allah ya biya ka Alhaji. A ƙara da garin siminti da na fi-o-fi in an yi gyaran gida, yana kashe filta rana ɗaya. Ruwa kuma sai injin da aka yi don ruwa, shima a cire jaka da filtan takarda kafin. In kin wanke filta ki barshi ya kwana ya wuni ya bushe ƙarau, awa 24, in kika maida da danshi ƙura zai zama laka ya toshe ga wari. Da hunturu duk shara biyu ki fita waje ki kakkaɓe shi, nesa da yarinyan.

Anti Nas: Turaren wutan ma kansa a rage a ɗakin da take, hayaƙi yana tayar mata, shi da maganin sauro na kunnawa.

Maman Ilham: Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na tura wa Abbansu duka ya karanta. Ya ce ɗakin yara za a naɗe kafet ɗin a sa leda, sannan zai duba mai taya mai H13 wanda bai wuce 1200 ba sabo da rasit da garanti, in an kawo wuta da asuba bayan sallah sai a yi kafin su tashi shirin makaranta. Ya ce in tambayi Oga Sani, soket ɗin falon ɗaya ne kuma yana bayan kujera, za mu iya jonawa a ekstenshan ɗin talabijin?

Oga Sani mai gyara: Kar ku fara Hajiya. Irin ekstenshan ɗinnan na leda wayansa siriri ne kamar na cajan waya, 1200W yana jan sama da amfiya 5, zai yi zafi ya narke ƙarƙashin kafet baku sani ba. Ku jona a bango kai tsaye, wayan injin kanta tana kai mita 5 ko 6, a jawo ta duka kada a barta a naɗe a ciki. In bata kai ɗaki ba Alhaji ya sayi waya 1.5mm mai kyau da fulogi mai fiyus 13A da soket ɗaya, duk wani mai gyaran wuta a Hanwa zai haɗa masa. Kuma ranan da kukaga wuta yayi ƙasa fanka na juyawa da ƙyar a haƙura da sharan sai ya dawo daidai.